Tarihin Likitan Dawaki: Daga Bargar Sarki Zuwa Jami'a

Mu da kasuwanci ya kawo iyayenmu Potiskum mun fi kowa sanin darajar dabba, don kuwa kasuwar shanun garin nan tana cikin manya a Afirka ta Yamma. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda aka yi aka sami likitan doki.

A zamanin da, lafiyar dokin sarki tana hannun Shamaki da 'yan barga. Su ke ba shi harawa da dawa da dusa, su jiƙa masa kanwa, in ƙafa ta kumbura a yi sakiya ko lalas. Ilmi ne na gado, ba a rubuce yake ba, ɗa ya koya wajen uba.

A ƙasar Turai kuwa, makarantar likitan dabbobi ta farko an kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1761, wanda ya kafa ta ma gwanin hawan doki ne. To amma a nan ƙasarmu saniya ce ta jawo likita, domin annobar bushiya ta sha ƙare garken Fulani, ga shi kuma da jangali En'e ke cika baitulmali. Turawa suka buɗe ma'aikatar dabbobi a Zariya a 1913, suka mai da ita Vom kusa da Jos a 1924, wato shekarar da fadar Fika ta dawo Potiskum. A 1941 aka buɗe makaranta a Vom, inda aka riƙa horar da malaman dabbobi. Sai a 1964 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitan dabbobi da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, daga baya Maiduguri da Sakkwato suka bi sahu. Bushiya dai an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 2011.

Shi doki, wasa ne ya ɗaga darajar lafiyarsa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kai ƙwarai. Ga sukuwa, ga hawan salla, ga babban hawan daba irin na Kaduna a 1956 da 1977. Da masu hali suka fara sayo dawaki daga Ajantina da kuɗi masu yawa, ai dole a nemi mai ilmin boko ya tsaya a kansu.

Yau yaro yakan yi shekara shida a jami'a, ya koyi ƙirar jikin dabba, da magunguna, da fiɗa. Sannan ya yi rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ya yi hidimar ƙasa. Duk da haka bai zama likitan doki ba tukuna, sai ya zauna a barga ƙarƙashin na gaba da shi. Can zai iya gane ɗingishi tun daga takun kofato, ya san doki ba ya amai, shi ya sa murɗar ciki kan kashe shi a dare ɗaya in an yi sakaci.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi, jama'a, shi ne har gobe mai doki yakan sayi allura a kasuwa ya tsira wa dabbarsa da ka, sai ta kwanta sannan a nemi likita. Ga 'ya'yanmu sun tashi cikin dabbobi, amma kowa likitan mutane yake so ɗansa ya zama. Maiduguri ba nisa. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, in an zo rabon tallafin karatu, a tuna da wannan fanni.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.