Tarihin Tsukuda, Unguwar Masunta a Bakin Ruwan Birnin Tokyo

A wurin da Kogin Sumida ya ke shiga teku, cikin birnin Tokyo na ƙasar Japan, akwai wata 'yar unguwa da a ke kira Tsukuda. Wanda ya je can zai tarar da ƙananan gidaje da lunguna matsattsu, ga dogayen benaye sun tsaya a kansu ta wajen arewa. Sunanta na asali Tsukudajima ne. Kalmar shima a harshen Japan, wadda ta kan koma jima in an haɗa ta da wata kalma, ma'anarta tsibiri. Amma yau tsibirin ya haɗe da wata ƙasa, kamun kifi kuwa ya daina zama sana'ar mutanensa. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda unguwar ta kafu, da abin da ya riƙe ta bayan sana'arta ta kuɓuce.

Asalin mutanen daga wani ƙauye ne mai suna Tsukuda, wanda yanzu ya ke cikin birnin Osaka. An ce waɗansu masunta na ƙauyen sun taɓa fitar da Tokugawa Ieyasu wani kogi da jiragensu, ya riƙe musu wannan alheri. Ieyasu ya koma garin Edo, watau Tokyo ta yanzu, cikin 1590. A 1603 ya zama Shogun, watau shugaban mayaƙa wanda mulkin ƙasa ke hannunsa, ko da ya ke akwai Sarki a Kyoto. Masunta talatin da 'yan kai suka bi shi zuwa Edo. Daga baya hukuma ta ba su wani tudun rairayi a bakin kogi, wanda ruwa ya kan rufe in teku ta cika. Suka yi ta jido ƙasa suna zubawa har ya zama tsibiri, tsawonsa da fāɗinsa kowanne kamar yadi 200. Aka gama aikin cikin 1644, suka raɗa masa sunan ƙauyensu. A 1646 suka kafa ɗakin bautarsu na Sumiyoshi, wanda masu aikin ruwa ke neman tsari gare shi, kamar wanda suka baro a gida.

Zamansu a nan bisa sharaɗi ne. An ba su izinin kamun kifi a ruwan Edo, su kuwa wajibi ne su riƙa kai kifi fada. Wanda aka fi so shi ne wani ɗan siririn farin kifi mai suna shirauo, wanda su kan kama da dare lokacin sanyi, suna kunna wuta a bakin jirgi don ta jawo shi. Abin da ya rage bayan an kai na fada, sai su sayar a gindin gadar Nihonbashi. Daga nan ne babbar kasuwar kifi ta Edo ta samo tushe, wadda ta koma Tsukiji cikin 1935, sa'an nan ta koma Toyosu cikin 2018. Ita ma Tsukiji da hannunsu a ciki. Bayan gobarar 1657, wadda ta cinye yawancin Edo, an ba wani babban ɗakin ibada na addinin Buddha, mai suna Honganji, fili a cikin ruwa. Mutanen Tsukuda, da ya ke mabiyansa ne, su suka shige gaba wajen cike wurin. Ma'anar Tsukiji kuwa ita ce ginanniyar ƙasa.

Ƙananan kifayen da ba su da kasuwa, masunta su kan dafa su da gishiri don kada su lalace. Daga baya aka koma dafa su da romon waken soya mai gishiri da sukari. Wannan abinci shi a ke kira tsukudani, watau dahuwar Tsukuda, a na cinsa da shinkafa ko'ina a Japan. Ta haka sunan ɗan ƙauyen nan ya shiga bakin mutanen da ba su san inda ya ke ba. Har yanzu akwai tsofaffin kantuna masu dafa shi a unguwar, ɗaya daga cikinsu, Tenyasu, tun 1837 aka buɗe shi.

Maƙwabcinsu na arewa, tsibirin Ishikawajima, hanyarsa dabam ce. A 1790 hukuma ta kafa gida a gefensa inda a ke tara marasa matsuguni da waɗanda suka gama horo, a na koya musu sana'a. A 1853, shekarar da jiragen yaƙin Amurka suka iso bakin ruwan Edo, aka ba da umurni a kafa ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a can. Edo ta zama Tokyo a 1868. Aka ci gaba da yashe bakin kogi a na zuba lakar a kudancin Tsukuda, har aka sami sabuwar ƙasa, Tsukishima, cikin 1892, ta cika da masana'antu da gidajen ma'aikata. Gobarar da ta biyo bayan girgizar ƙasa ta 1923, da wutar jiragen sama ta 1945, duk ba su ci tsohuwar unguwar ba. Shi ya sa lungunanta suka wanzu yadda aka shata su tun farko.

Abin da wuta ba ta yi ba, bunƙasar birni ta yi shi cikin shekara biyu. Ƙazantar masana'antu ta ɓata ruwa, hukuma kuma tana bukatar gaɓar teku don faɗaɗa tashar jiragen ruwa. A 1962 ƙungiyoyin masunta na Tokyo suka karɓi diyya, suka saki haƙƙinsu na kamun kifi a gaɓar birnin. A watan Agusta na 1964, gab da wasannin Olamfik, aka buɗe gadar Tsukuda, jirgin fito wanda ya yi fiye da shekara 300 yana kai da komowa ya daina aiki. Aka kuma cike mashigin ruwan da ya raba unguwar da Tsukishima. Ma'aikatar jirage ta rufe a 1979, aka gina benayen kwana a filinta, ɗaya har hawa 54.

To, sana'a ta tafi, fito ya tafi, me ya rage? Sau ɗaya cikin kowace shekara uku, a watan Agusta, a kan yi babban bikin Sumiyoshi, a kafa manyan tutoci shida. Ginshiƙan katakon da ke riƙe tutocin ba a ɗaki a ke ajiye su ba. A cikin lakar ɗan mashigin ruwan da ya rage a tsakiyar unguwa a ke binne su, domin icen da iska ba ta taɓa shi ba ya saurin ruɓewa. In biki ya matso, sai mazan unguwa su jira ruwa ya janye, su shiga laka su tono su. In an gama, su mai da su su binne. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko gida ɗaya. Dole manya su nuna wa samari inda icen ya ke, da yadda a ke harhaɗa shi, in ba haka ba sanin ya bi su kabari.

Nan ne ƙarfin Tsukuda ya ke. Izinin kamun kifi kyautar hukuma ce, mai bayarwa kuwa shi ke karɓewa. Amma aikin da mutane suka ɗora wa kansu, wanda ba ya yiwuwa sai an taru, ba wanda zai raba su da shi sai sun sake shi da kansu. Muddin a na samun samarin da za su shiga lakar nan duk shekara uku, unguwar tana nan da ranta.