Yadda malamai ke haɗa makin da ke kan katin sakamakon ɗalibi

Katin sakamako shi ne takardar da makaranta ke bai wa ɗalibi a ƙarshen kowane zango daga cikin zanguna 3 na shekarar karatu. A makarantun firamare da sakandare na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran Nijeriya, makin da ke kansa jimilla ce ta abubuwa biyu: gwajin da ake yi a tsawon zango, wanda malamai ke kira CA, da kuma jarrabawar ƙarshen zango.

Asalin tsarin

Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, aka yi wa gyara a 1981, ita ce ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai. Tsarin ya bazu tare da tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982. Dalilin shi ne kada zazzaɓi ko fargabar kwana ɗaya su yanke hukunci a kan aikin wata 3.

Rabon maki

Kowane darasi yana da maki 100. Yawancin makarantu na ware 30 ko 40 ga CA, sauran 70 ko 60 ga jarrabawa. Makin CA kan fito ne daga gwaji biyu ko uku a cikin aji, da aikin gida, wani lokaci har da duba littafin rubutu. Malamin darasi ke tattara su ya miƙa wa malamin aji, wanda zai haɗa jimilla, ya fitar da matsakaici da matsayin kowane yaro, kafin shugaban makaranta ya sa hannu.

A nan ne lissafin ke ba iyaye mamaki. Inda rabon yake 40 da 60, yaron da ya ci 42 a jarrabawa ya yi ƙoƙari ƙwarai. Amma idan fashin ranar kasuwa ko aikin gona ya sa ya rasa gwaji biyu, ya tashi da 6 a CA, jimillarsa 48 ce kawai. Sakandare da dama na bin ma'aunin WAEC, inda A1 ke farawa daga 75, C6 daga 50, F9 kuma ƙasa da 40. A wannan ma'auni, 48 ba ta kai C6 ba.

Ɗabi'a da ƙwarewa

Katin na da wani sashe na zuwa a kan lokaci, tsafta, ladabi, rubutun hannu da wasanni. Ana auna su daban, galibi daga 1 zuwa 5, bisa lurar malami. A ƙa'ida ba a zuba su cikin makin Lissafi ko Turanci. Idan aka ƙara wa yaro maki saboda ladabinsa, ko aka rage saboda surutu, katin ya daina nuna abin da ya iya.

Inda tsarin ke rauni

Tsarin ya dogara ga ajiye bayanai da kuma buɗe makaranta. Malamin da ajinsa ya cika maƙil ba ya samun sukunin duba aikin kowa. Haka kuma a watan Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun, kuma duk gwajin da ba a yi ba giɓi ne a tarihin ɗalibi. Giɓin na da nauyi, domin hukumar WAEC na karɓar makin CA daga makarantu, shi ne kuma kashi 30 cikin 100 na sakamakon ƙarshe.

Saboda haka mahaifin da ya karɓi kati ya kamata ya duba layin CA da na jarrabawa daban-daban kafin ya tambayi na nawa yaron ya zo. Idan CA ce ta yi ƙasa, yawanci fashi ne ko rashin yin aikin gida. Idan jarrabawa ce, sai a nemi malamin darasi ya nuna takardar amsar da ya duba.