Wa Ya Rage da Ya Iya Daɓe?

Tun da na ajiye aiki, matasan masu zanen gine-gine ba su daina zuwa gaishe ni ba, kuma ina jin daɗin zuwansu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da suka ɗauko yanzu, wai sun zo da sabon ilimi na tsara cikin ɗaki yadda zai kwantar da hankali ya kuma kare lafiya. Sai a buɗe waya a nuna mini falo: tayil mai sheƙi, silin ɗin POP da fitilu a ɓoye, tagar gilashi daga ƙasa har sama tana kallon yamma, ga furen roba a lungu. In na tambayi yadda ɗakin zai kasance idan aka ɗauke wuta da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, sai a ce, "Baba, ai akwai janareta." To, ɗakin da sai da janareta yake zaunuwa, ni ban san inda kwanciyar hankalinsa take ba.

Mu da muka ƙare rayuwarmu a gyaran tsofaffin gidaje, zauruka da gidajen tarihi ba mu raɗa wa aikin suna mai daɗi ba, amma shi muka yi, kuma a hannun magina muka koye shi. Wanda ya raine ni a sana'ar wani dattijo ne da ya gaji gini kaka da kakanni. Ina ce masa Baba, shi kuwa har ya rasu "ɗan makaranta" yake kirana, ko bayan na yi furfura. Ba ya karɓar ɗaki da safe. Sai rana ta take, bayan azahar, zai shiga ya tuɓe riga ya jingina bayansa da bangon yamma, ya yi shiru. In ya ji ɗumi a gadon bayansa, bangon bai kai kauri ba ke nan. Daga nan ya tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. In sautin ya dawo masa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗan makaranta, ɗakin nan mai surutu ne, ba za a yi sulhu a cikinsa ba." Maganar sulhun ba da wasa yake yin ta ba. A zaure ake raba gardama, a ɗaura aure, a karɓi gaisuwar mutuwa, kuma muryar da bango ke maimaitawa sai ta zama kamar faɗa ko da ba faɗa ake yi ba.

Shi ya fara kai ni masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Kowa a sana'armu ya san bakan gizonsa da ɗaurin gugansa, ba sai na tsaya a kansu ba. Baba bai ɗaga kai ya kalli rufin ba ma. Ƙananan tagogin da ke can sama ya nuna mini, ya ce in lura da yadda haske ke saukowa bai bugi idon mai salla ba, da yadda iska mai zafi ke samun hanyar fita ta sama. Sannan ya buga ƙasa da diddige ya ce, "Wannan kuma ba aikinmu ba ne."

Sai da muka yi wani aiki a wani tsohon gida na gane abin da yake nufi. Mun gama yaɓe, mun shafe rufi da laso, wanda shi da kansa ya haɗa daga katsin marina, gashin jima da dafara, saura ƙasan ɗaki. Na kawo maganar siminti, Baba ya aika aka kira wata tsohuwa daga unguwar. Iya ta zo, ta duƙa ta ɗebi burjin da muka tara ta murza a tafin hannu, ta ce a sake tankaɗe shi, tsakuwar ta yi girma. Ta sa aka jiƙa mata ɓawon ɗorawa a randa har ruwan ya yi duhu, makuba ke nan. Ranar daɓen mata suka cika ɗakin, kowace da madaɓinta, suka jeru a durƙushe kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi, madaɓai na sauka tare a kan amshin, suna ja da baya kaɗan-kaɗan har su kai bakin ƙofa, sannan su koma su sake. Iya na biye da ƙwarya tana yayyafa makuba da tsintsiya, inda ta ga ƙasa ta lotsa ta ƙara burji da hannunta. Mu maza waje aka kore mu, aikinmu kawo fura da goro. Ba a yini ɗaya ake gamawa ba. A bari ya sha iska, a dawo a yayyafa, a sake bugu, har ya yi ja mai duhu yana ɗaukar ido.

Daɓen nan shi ne rabin lafiyar ɗaki. Da bazara yana da sanyi a tafin ƙafa, da hunturu ba ya sa ƙafa ta ƙage yadda tayil ke yi. Ba ya santsi, tsoho ya fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba zai zame ba, yaro mai rarrafe ya faɗi ba zai fasa goshi ba. Yana shanye ƙarar takalmi da ta kwano. A gidajen da ake shirin kawo amarya, kafin a yi jere sai an yi daɓe, kuma matan unguwa ne ke yi wa 'yar'uwarsu, ba ɗan kwangila ba.

Abin ya fara mutuwa ne a idonmu. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 da ambaliyar siminti ta 1975, lokacin da jiragen ruwa suka yi cincirindo a tashar Legas, duk wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya kware soro ya buga kwano, ya zuba siminti a ƙasa. Ban ga laifin talaka ba, yaɓen shekara-shekara akwai wahala, azara kuma ta yi tsada saboda giginya ta ragu. Laifin da nake gani na masu ilimi ne. An taɓa ba wani ɗan kwangila gyaran wani babban zauren taro na gargajiya da muka yi shekaru muna lallaɓawa. Ya shafe bangon tubali da siminti ciki da waje, ya fente shi da fenti mai mai, ya shimfiɗa tayil. Na rubuta, na je da ƙafata, aka ce ni ɗan gargajiya ne mai ƙin ci gaba. Bangon ƙasa numfashi yake yi; in ka toshe shi da siminti, danshin damina ya shiga ta ƙasa ya rasa mafita, sai ya ci bangon ta ciki. Ba a yi damina da yawa ba shafen ya fara zubowa falle-falle, da naman bangon a jikinsa. Har yau in na wuce wurin sai raina ya ɓaci.

A gidajen tarihi kuwa ɓarnar ta fi ciwo. Littafin hannu, sirdi, rigar saƙi da jakar fata ba abin da ke kashe su kamar sauyin yanayi na farat ɗaya: a kunna na'urar sanyaya ɗaki da safe, a ɗauke wuta da rana, ɗaki ya yi zafi, a dawo da ita da yamma. Fata ta tsage, takarda ta kanannaɗe. Bango mai kauri irin na Gidan Makama a Kano, gidan da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, ko na Gidan Ɗan Hausa, shi da kansa yake rage wannan hawa da sauka, ba da ko sisin man janareta ba. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, tun ƙarshen shekarun 1950 ya bi ƙasar nan yana auna gine-ginenmu, daga baya aka gina kwatankwacin masallacin Zariya da ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ya auna bango da baka da tulluwa ya zana su a takarda. Bugun madaɓi kuwa ba ya zanuwa, a hannun mata yake.

Kada wani ya ce na ce komai na da daidai ne. Na shiga ɗakunan da tagarsu ba ta fi tafin hannu biyu ba, ana hura wuta a ciki da hunturu, mutum takwas na kwana, hayaƙi ya baƙanta azara ya baƙanta ƙirji. Duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 ya san abin da cunkoso da rashin iska ke haifarwa. Baba ma da kansa yakan ƙara taga ta biyu a bangon da ke kallon ta farko don iska ta ratsa. Gyara abin yake so, mu kuwa muka yar da shi gaba ɗaya.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu riƙo. Masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka kammala a 2018, kuma da maginan yankin suka yi aikin. Mariam ma ɗiyar zamani ce, ta yi karatu a Amurka, amma ta koma ta tambayi masu abin.

Ku matasa da ke zuwa wurina, magina har yanzu akwai saura a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, kuna iya samunsu. Matan da suka iya daɓe su ne ke ƙarewa, mafi yawansu sun tsufa. Ku je ƙauyukanku ku nemi kakanninku mata, ku sa su nuna muku yadda ake tankaɗe burji da jiƙa makuba, ku ɗauki bugun da waƙar a wayoyin nan naku, sannan ku gwada shi ko a ɗaki ɗaya ne cikin aikin da za a ba ku na gaba.