Farfesan da Ya Ce Ɗaki Ma Jari Ne

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Duk ɗan Guri ya san yadda abin yake. Damina ta yi nisa, kogin Haɗeja ya cika, kacalla ta toshe wa ruwa hanya, sai katangar ƙasa ta jiƙe ta zauna. A 2022 mun ga iyalai na kwana a azuzuwan firamare. Aka kawo tabarmi da shinkafa, aka ɗau hoto, aka tafi. Da ruwa ya janye, mutum ya sake kwaɓa ƙasar nan dai ya gina inda ta rushe.

Shi ya sa yau zan kai ku Bangladesh, ƙasar da ta fi mu shan ambaliya, wajen Farfesa Muhammad Yunus. An haife shi a 1940 a yankin Chittagong, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya dawo gida a 1972 yana koyar da tattalin arziki. Yunwar 1974 ce ta fito da shi daga aji. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra, ya tarar mutum 42 na hannun masu ba da bashi saboda kuɗin da jimillarsu dala 27 ce kacal. Ya ranta musu daga aljihunsa. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, ya tsaya da ƙafarsa a 1983.

Wannan an sha faɗa, har Nobel ya samu a 2006. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bashin gina ɗaki da suka fara a 1984. Masu banki na ganin ɗaki ba ya haihuwar riba, to da me za a biya? Shi kuwa ya ce macen da ke saƙa ko gyaran shinkafa a gida, ɗakin nan shi ne shagonta. Rufi na yoyo, sana'a ta tsaya. Bayan ambaliyar 1987 suka tsayar da fasali guda: ginshiƙan kankare huɗu, rufin kwano, da masai. Bango kuwa kowa ya yi da abin da ya samu. In ruwa ya ci bangon, ginshiƙi da rufi na nan. Kuma sai an rubuta filin da sunan matar, don kada miji ya sake ta ya kore ta daga ɗakin da take biya. A 1989 tsarin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuɗin ruwa kashi 8 cikin ɗari a bashin, kuma a nan wannan kaɗai zai sa da yawanmu su ja baya. Mabarata ne aka ba su ba ruwa. Nijeriya ma ta kwaikwaya, gwamnatin Babangida ta buɗe People's Bank a 1989, a 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma.

Ni dai ginshiƙan nan huɗu ne suka tsaya mini a rai, ga shi adashi ba baƙonmu ba ne. Magina da ke bin wannan shafi, don Allah ku rubuto mana: nawa ginshiƙi huɗu da kwanon ɗaki ɗaya za su ci a Guri yau?