Tarihin Kalmar "Farfaɗo" a Hausar Ƙasar Magarya da Dungas

A Ingilishi akwai aikatau mai kalma biyu, wato perk up, wanda ake faɗa wa mutum ko tsiro ko kasuwa idan kuzari ya komo. Hausa kuwa ta rarraba wannan ma'ana. Wanda ya suma farfaɗowa yake yi, mai barci ko gajiya ya wartsake, majinyaci ya murmure, gonar da aka sassabe ta yi toho, kasuwa kuma ta ci. Amma a rubutun zamani "farfaɗo" ta mamaye gurbin ƴan'uwanta, kuma tarihin ƙasar Magarya da Dungas, a jihar Damagaram, yana nuna yadda aka yi haka.

Wannan yanki ya shahara da noman gyaɗa tun zamanin Turawan Faransa. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 sun durƙusar da wannan noma, sa'an nan farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin. Daga nan sai batun tayar da komaɗar ƙasa ya cika jawaban hukuma da labaran rediyo. Da yake Magarya tana daf da Babura, Dungas kuma da Maigatari, jama'a suna jin Hausar gidajen rediyon Nijeriya da ta BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957, inda masu fassara suka saba cewa "farfaɗo da tattalin arziki".

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin tohon gawo ya girma a gonakinsu, har itatuwa suka sāke yawaita. Wannan ma a takarda "farfaɗo da ƙasa" ake kiransa, alhali manomi zai ce gona ta yi kyau ko gawo ya dawo.

Abin lura ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci shi ne, babba yana saurin gane kalmar da ya saba furtawa. Idan aka rubuta cewa yaro ya farfaɗo bayan an ba shi abinci mai gina jiki, uwa za ta ɗauka suma ya yi, alhali murmurewa ake nufi. Saboda haka ya kamata a tattara waɗannan kalmomi daga bakin mutanen yankin, a ba kowace gurbinta kafin a buga darasi.