Waiwaye: Yadda Antaktika Ta Zama Zangon Masu Yawon Buɗe Ido

Antaktika ita ce nahiya ɗaya tilo a duniya da ba ta da ɗan ƙasa, ba ta da gari, ba ta da gwamnati. Sai a shekarar 1820 ne idon ɗan Adam ya fara hango gaɓarta, kuma waɗanda suka fara tururuwa zuwa can mafarauta ne. Cikin 'yan shekaru kaɗan suka kusa ƙarar da dabbobin ruwan nan masu gashi da ake kira sil a tsibiran South Shetland, saboda fatarsu. Daga baya aka koma kan manyan kifayen wel. A 1904 wani ɗan Norway, Carl Anton Larsen, ya kafa sansanin Grytviken a tsibirin South Georgia, inda aka yi shekaru kusan 60 ana narka kitsensu ana fitar da mai.

Bayan mafarauta sai masu neman suna. Roald Amundsen ya isa tsakiyar ƙuryar kudu a watan Disamba na 1911, Robert Scott na Birtaniya ya iso bayansa da makonni biyar, ya rasu tare da mutanensa a hanyar dawowa. Jirgin Ernest Shackleton, Endurance, ƙanƙara ce ta matse shi har ya nutse a 1915. A wancan zamani duk wanda ya nufi kudu, sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba.

Abin da ya share fagen zuwan baƙi shi ne Yarjejeniyar Antaktika, wadda ƙasashe 12 suka sanya wa hannu a Washington ranar 1 ga Disamba, 1959, ciki har da Afirka ta Kudu. An ajiye rigimar mallakar ƙasa a gefe, an haramta ayyukan soja da gwajin makaman nukiliya, aka keɓe nahiyar domin zaman lafiya da binciken kimiyya. Sai dai yarjejeniyar ba ta ce komai ba game da yawon buɗe ido, domin a lokacin ba a yi zaton abin zai zama sana'a ba, duk da cewa Ajantina da Chile sun riga sun fara kai 'yan tsirarun baƙi a ƙarshen shekarun 1950.

Mutumin da ya mayar da abin sana'a shi ne Lars-Eric Lindblad, haifaffen Sweden mazaunin Amurka. A 1966 ya yi hayar jirgin sojan ruwan Ajantina ya kai mutum 57. A 1969 kuma aka ƙera masa Lindblad Explorer, jirgi na farko da aka yi musamman domin irin wannan tafiya: ƙarami, mai ƙarfin jiki, yana ɗaukar fasinja kusan 100. Hujjar Lindblad ita ce gani ya kori ji, wanda ya ga wurin da idonsa shi zai tsaya ya kare shi. Don haka ya cika jirginsa da masana tsuntsaye da duwatsu da tarihi, ya kuma ɗora kwale-kwalen roba na Zodiac domin sauke mutane a gaɓar da babu tashar jirgi.

Tsarin nan nasa shi ake bi har yau. Yawancin jirage suna tashi daga Ushuaia, a ƙarshen kudancin Ajantina, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Kwana biyu ake yi ana ratsa mashigin Drake, inda igiyar ruwa kan kwantar da fasinjoji da jiri da amai, a ɗaure kujeru da sarƙa don kada su yi yawo. A waɗannan kwanaki ake yin laccoci, a raba jaket da takalman roba. Kowa sai ya kawo kayansa a zuƙe aljihunansa da na'urar share ƙura, a bi ɗinki-ɗinki ana tsince 'ya'yan ciyawa, don kada wani baƙon tsiro ya samu wurin zama. Kafin sauka da bayan dawowa, dole a tsoma takalma cikin ruwan magani a goge su da buroshi.

A gaɓa, wari ne ke fara tarbar mutum kafin ya ga tsuntsayen fengwin. Kashinsu ya rine dusar ƙanƙara ta yi ja-ja, saboda ƙananan jatan landen da suke ci. Suna da hanyoyinsu da suka tattake daga sheƙa zuwa ruwa, kamar burtalin shanu, kuma idan ɗaya ya taho, baƙo ne zai tsaya ya ba shi hanya. Sheƙarsu da tsakuwa suke gina ta, sai ka ga namiji ya lallaɓa ya ɗauke tsakuwar maƙwabcinsa da baki ya kai wa matarsa. Da yamma a koma jirgi, a taru a ji bayanin abin da aka gani da shirin gobe, wanda kullum iska da ƙanƙara ke da ikon sauya shi.

Ci gaban bai zo ba tare da asara ba. A Nuwamban 1979 jirgin saman Air New Zealand da ke zagaya da 'yan kallo ya yi karo da dutsen Erebus, mutum 257 suka rasu. A Janairun 1989 jirgin Ajantina Bahía Paraíso, ɗauke da kaya da 'yan yawon buɗe ido, ya daki dutse kusa da tashar bincike ta Palmer, ya malalar da kimanin lita 600,000 na man dizal a inda tsuntsaye ke ƙyanƙyasa.

Shekarar 1991 ce ta sauya al'amura. A cikinta aka sanya hannu kan yarjejeniyar Madrid, wadda ta haramta haƙar ma'adinai a nahiyar, kuma kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiyar IAATO domin tsara wa kansu ƙa'idoji. A daidai lokacin Tarayyar Soviet ta wargaje, jiragen bincikenta masu jure ƙanƙara suka rasa aikin yi, kamfanoni suka riƙa hayarsu da araha. Ƙa'idojin da aka saba da su yanzu sun haɗa da cewa kada mutum fiye da 100 su sauka a wuri ɗaya lokaci guda, a samu jagora ɗaya ga kowane mutum 20, a bar tazarar aƙalla mita 5 tsakanin baƙo da dabba, sannan jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 500 ba zai sauke kowa ba.

A Nuwamban 2007 tsohon jirgin Lindblad, wanda a lokacin ake kira Explorer kawai, ya daki ƙanƙara ya nutse kusa da South Shetland. An ceto duka mutum 154 da ke ciki bayan sun yi sa'o'i cikin ƙananan kwale-kwale. Wannan ya ƙara farkar da hukumomi: a 2011 aka haramta amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan Antaktika, a 2017 kuma dokar jiragen yankunan ƙanƙara ta Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta fara aiki.

Duk da haka yawan mutane ya ci gaba da hawa. A farkon shekarun 1990 baƙi ba su kai 10,000 a shekara ba. A kakar 2007 zuwa 2008 sun kai kimanin 46,000, a ta 2022 zuwa 2023 suka haura 100,000, kuma galibinsu a ɗan yankin nahiyar da ke fuskantar Kudancin Amurka suke taruwa. Ga kuma murar tsuntsaye da ta isa South Georgia a Oktoban 2023, har aka hana baƙi zama ko durƙusawa ko ajiye jaka a ƙasa. Ga hayaƙin jiragen sama da na ruwa da ke kai su, a wurin da ƙanƙararsa, in da za ta narke duka, teku zai tashi da kusan mita 58.

Gaskiya ne jiragen nan sun yi amfani. Suna ɗaukar masu bincike, baƙinsu na aika hotunan wutsiyar wel da ake gane kowane kifi da su, kuma ƙa'idojinsu sun fi na wurare da dama tsauri. Amma shiga IAATO ganin dama ne, kuma har yanzu babu dokar da ta ƙayyade adadin mutanen da za su je a shekara. Tsarin da aka gina domin ƙaramin jirgi ɗaya ba zai ɗauki mutum 100,000 ba. Nauyi yana kan ƙasashen yarjejeniyar su sanya iyaka ta doka a kan yawan jirage da wuraren sauka tun yanzu, kafin ɓarnar ta kai inda gyara ba zai yiwu ba.