Gardamar Ɗalibai, Daga Bugun Misira Zuwa Wayar Hannu

Ranar Asabar bayan la'asar mun saurari ɗaliban wata Islamiyya a Zangon Kumasi suna muƙabala kan wayar hannu. Wani ɓangare na cewa ta sa malami a aljihu, ɗayan na cewa ta raba ɗalibi da zaure. Sun ɗauka a kansu aka fara, alhali gardamar ta girmi iyayensu.

A shekarar 1924 aka buga mus'hafin Alƙahira bisa ruwayar Hafs. Mu kuwa a zangogin ƙasar nan da Warsh aka yaye mu, da rubutun hannu irin namu, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗaya a sama. Da alhazai suka riƙa dawowa da bugun Misira, zaure ya rabu biyu. Dattawanmu sun ba mu labari: masu so suka ce ga littafi mai araha, babu tuntuɓen alƙalami, abin da marubuci ke shafe watanni yana yi ga shi a hannun talaka. Masu ƙi suka ce wanda ya rubuta da tawada ya riga ya haddace rabi, kuma yaron da ya buɗe bugun zai ga fa'un ya karanta ƙafun. Wannan ba tsoron banza ba ne, mun ga an yi.

Namu zamanin na kaset ne. Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya naɗi Alƙur'ani sukutum a 1961, kuma zuwa shekarun 1980 muryarsa da ta Abdulbasiɗ sun cika shagunan Zango. Mu da muke samari muka ce ga tajwidi ya zo har gida. Manyan ɗalibai suka ce kaset yana karanta maka, amma ba ya jin naka, balle ya tsayar da kai inda ka karkace. Muka yi ta musu har aka kira magariba. A lokacin muna ganin taurin kai ne kawai. Yanzu da furfura ta fito, mun san hujjarsu ta fi tamu nauyi, ko da yake babu ɗaya daga cikinmu da ya mayar da kaset ɗinsa.

Abin da ake jayayya a kai tun farko shi ne, idan an yi kuskure wa za a tambaya? Ilminmu da isnadi ya zo, wane daga wane. Littafin ɗab'i yana da sunan maɗaba'a, kaset yana da muryar mutum sananne. Fatawar da ke yawo a WhatsApp sau da yawa ba uwa ba uba, haka ma amsar ƙirƙirarriyar basira.

Wata ɗaliba ce kaɗai ta taɓo wannan ranar Asabar, kuma alƙalan muƙabalar ba su ba ɓangarenta nasara ba. Ruwayar Warsh kuwa, yanzu sai an nemi mai karanta ta a tarawihin masallatanmu da yawa.